Ƙafar da ta ƙi jin kira

Takalmi ne ya fara tona asirin. Na wuni ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, tun hantsi har bayan la'asar, na ɗora ƙafar dama a kan ta hagu kamar yadda na saba in aiki ya yi daɗi. Da na miƙe na zura silifas, taku biyu na yi sai na dama ya zame ya tsaya a baya. Na koma na sa shi, ya sake zamewa. Na yi tsaki na ce minjirya ce, irin wadda ke kama wanda ya daɗe a zaune. Na bubbuga ƙafar a ƙasa, na murza ta, na jira ta sake ni. To minjirya ba ta wuce 'yan mintoci. Wannan kuwa ta kwana, ta wuni, ta sake kwana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu ciwo ko kaɗan. In na zauna na ce da ƙafar ta ɗago kanta sama daga idon sawu, sai ta yi kamar ba da ita nake ba. Ƙasa kuwa tana dannawa lafiya lau. In zan yi tafiya dole in ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala, don kada yatsu su ja ƙasa in yi tuntuɓe, sannan tafin ya faɗo, fat. Maiɗakina ta ji sautin kafin ta ga abin. Daga ɗaki ta ce, "Malam, wa ke tafe haka?" Na ce ni ne. Ta leƙo ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ƙara cewa uffan ba.

Duk wanda ya zo dubiya kalma ɗaya ce a bakinsa: jijiya. Yayana ya ce jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta, a ja ta kawai ta koma gurbinta. Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, haka shanyewar ɓarin jiki ta fara wa mahaifinsa, jijiya ce ta toshe. Wani kuma ya rantse jijiyar ce ta tsinke. Ni ma duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai jijiya ce. A lokacin ban lura ba cewa mutum uku sun kawo zance uku da ba su haɗa hanya ba, suna ne kawai ya haɗa su.

A rana ta huɗu na je asibiti. Likitan bai fara da na'ura ba. Ya ce, "Malam, taka mini a kan yatsunka zuwa bakin ƙofa." Na taka tsaf. "To dawo a kan dunduniya." Ta hagu ta ɗago, ta dama ta ƙi. Ya kwantar da ni, ya riƙe tafin ƙafar, ya ce in danna ƙasa, na danna har ya ce ya isa. Ya ce in karkato ta ciki, ta karkato. In karkatar da ita waje, da ƙyar ta motsa. Sama kuwa, ko ɗis. Ya ɗauko 'yar gudumar roba ya buga mini agara, ƙafar ta zabura yadda ya kamata. Sannan ya ɗauki wani abu mai tsini yana tsikarina, ya ce in rufe ido. A tafin ƙafa na ji sarai. A bayan ƙafa da gefen ƙwauri na waje kuwa kamar ta cikin bargo ake taɓa ni. Tsakanin babban yatsa da mai bi masa ban ji komai ba.

Daga nan ya kai yatsansa ƙasan gwiwa ta gefen waje, inda akwai wani ɗan ƙashi da ya yi tudu, ya ƙwanƙwasa a hankali. Wani abu kamar lantarki ya tsarga mini har bayan ƙafa, na zabura. Ya yi murmushi ya ce, "Ga ɓarawon nan." Ya tambaye ni ko na rame kwanan nan. Na ce na yi jinyar zazzaɓi mai tsanani, kilo 9 na zubar. Ya ce, "Kana harɗe ƙafa in kana zaune?" Kafin in buɗe baki maiɗakina ta riga ni amsawa da dariya.

Ya juya bayan wata takarda ya zana mini ƙafa. Ya ce abin da muke kira jijiya kashi uku ne. Akwai wadda take kamar wayar lantarki, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Akwai wadda take kamar bututu, jini ke gudu a cikinta. Akwai kuma wadda igiya ce zalla, aikinta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ya buga. Na yi shiru ina tunanin mutanen nan uku. Yayana da mai rantsuwa igiya suke nufi, abokin aikina bututu yake nufi, ni kuwa waya ce ta samu matsala a jikina.

Wayar da ta fi kowace girma a jikin ɗan Adam ita ce wadda likitoci ke kira sayatik. Daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, rassa biyar ne suke haɗuwa su zama ita, ta ratsa can cikin ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya. A wurin da ta fi kauri ta kai kaurin yatsa. Kafin ta isa ramin bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Babban reshen, tibiyal, ya miƙe ƙasa ta cikin sha-raɓa, tsoka ta lulluɓe shi ta ko'ina, har ya ɓulle a tafin ƙafa. Ƙaramin, feroniyal, shi ne mai ganganci. Sai ya karkata waje, ya zagaye wuyan siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri, wanda ake kira fibula. A nan babu abin da ke tsakaninsa da duniya sai fata da ɗan kitse. Ramar da na yi ta tafi da kitsen, ni kuma na zo na ɗora wurin a kan ƙoƙon gwiwar hagu na danne shi na tsawon yini.

Abin da ya burge ni, a matsayina na malamin lissafi, shi ne yadda ya kai ga amsa ta hanyar cire abin da ba shi ba. Tsokokin da ke tsakanin gwiwa da idon sawu a ɗaki huɗu suke, kowane ɗaki da bangonsa na tantani mai ƙarfi. Ɗakin gaba, wanda ke jikin ƙwauri, shi ke ɗago ƙafa da yatsu sama. Ɗakin gefe shi ke karkatar da ƙafa waje. Ɗakuna biyu na baya su ke danna ƙafa ƙasa, su lanƙwasa yatsu, su karkato tafin ciki. Feroniyal ke kai saƙo ɗakin gaba da na gefe, tibiyal ke kula da na baya. Ɗakuna biyu sun yi duhu, biyu na da haske, ke nan waya ɗaya ce ta lalace, kuma bayan an rabu. Da daga ƙashin baya matsalar ta taso, inda faifan guringuntsi kan zame ya danne saiwar jijiya, da karkatowa ciki ita ma ta yi rauni, kuma sau da yawa da ciwon baya mai sauka ta cinya. Da daga ƙwaƙwalwa ne, da wuya abin ya tsaya a iya nan, kuma gudumar roba takan sa ƙafa ta yi zabura fiye da kima. Ya duba sukarin jinina, domin ciwon suga na raunana waɗannan wayoyi, ya ga lafiya. Ya kuma sa yatsu biyu a bayan ƙafata, ya sake sawa a bayan idon sawu ta ciki, ya ce jini na zuwa yadda ake so. Ban taɓa sanin ana jin bugun zuciya a ƙafa ba sai ran nan.

Bayan mako uku aka yi mini gwajin lantarki, wanda ake manna 'yan faifai a fata a riƙa sakin wuta kaɗan kaɗan ana auna saurin tafiyar saƙo. Ba daɗi, gaskiya. Sakamakon ya nuna saƙo na makalewa daidai wuyan ƙashin nan. Akasarin zaruruwan da ke cikin wayar rigarsu ce kawai ta ƙuje, irin wannan kuwa kan warke cikin makonni ko 'yan watanni. Kaɗan daga ciki sun mutu daga wurin dannewar zuwa ƙasa, su sai sun sake tsirowa, kuma tsirowar ba ta wuce kimanin milimita 1 a rana. Ina komawa gida na ɗauki abin awo na auna daga ƙasan gwiwa zuwa tsakanin yatsuna. Ya haura santimita 40. Na buga lissafi na ga fiye da shekara, gabana ya faɗi. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa tsokokin da ke ɗago ƙafa a saman ƙwauri suke karɓar saƙonsu, kusa da inda abin ya faru, fatar yatsu ce ke can ƙarshen layi.

Nan ne kuma na yi wautar da ta kusa kai ni lahira.

An ba ni wani takalmin roba mai siffar kwana, wanda ke tallafe ƙafa daga sha-raɓa zuwa tafi don kada ta riƙa faɗuwa. An ce in riƙa tafiya da shi, in kuma je wurin masu gashin ƙashi. Sau biyu na sa shi. Kunya ta hana ni. Mutumin da ya saba shiga aji da kuzari, yau yara za su ji tafiyarsa tun daga nesa, fat, fat. Na karɓi hutu, na shige ɗaki na kwanta, na ce wa kaina ai hutawa ma magani ce. Daga gado sai banɗaki, daga banɗaki sai gado. Ruwa ma na rage sha don kada in yawaita tashi. Haka na yi kusan kwana 20.

Wata safiya na tashi da nauyi a sha-raɓar dama, kamar an cusa dutse a ciki. Kafin azahar ta kumbura, fatar ta yi sheƙi, in ka taɓa ta fi ta hagu zafi. Wannan karon akwai ciwo, mai tsukewa, musamman in na sauke ƙafar ƙasa. Wallahi har daɗi na ji a raina, na ce ji ne ke dawowa. Yayana ya zo da yamma, ya duba, ya ce ai ya faɗa tun farko, jijiyar ce ta ƙulle. Ya fito da man zafi daga aljihu, ya naɗe hannun riga, ya ce in miƙe ƙafar zai murje ta da kyau.

Maiɗakina na tsaye a bakin ƙofa. Mace ce da ba ta taɓa musu da shi ba tun da aka kawo ta. Ta ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Wancan karon ba kumburi, ba zafi. Wannan wani abu ne dabam. A bari likita ya gani tukuna." Ya dube ta, ya dube ni, yana jiran in tsawata mata. Na sunkuyar da kai. Ya rufe kwalbarsa ya ce to, ku kuka sani. Ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba. Amma shi ya tuƙa mu zuwa asibiti a daren.

Likitar da muka tarar ta ɗauko tef irin na awo, ta auna santimita 10 daga ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta zagaya sha-raɓar a nan, ta yi haka a ɗayar ma. Ta dama ta fi da santimita 4. Ta ce duk abin da ya haura 3 abin dubawa ne. Ta tambaye ni ko numfashina na yankewa, ko ina jin suka a ƙirji, ko na yi tari da jini. Na ce a'a. Ta ce, "Wani ya matsa maka ita?" Na ce saura ƙiris. Ta kalli yayana, ta kalli hannun rigarsa da har lokacin ke naɗe, ba ta ce komai ba.

A ɗakin hoto aka shafa mini wani ruwa mai sanyi mai yauƙi, aka ɗora kan na'urar a matsematsi. Mai hoton ya juyo mini da allon. Ga da'ira biyu baƙaƙe kusa da juna. Ya ce ɗaya mai kai jini ƙasa ce, ɗaya mai dawo da shi. Ya danna, ɗaya ta lotse ta rufe ruf kamar bakin jaka, ɗayar ta tsaya tana bugawa. Ya ce haka ake so, mai dawo da jini bangonta taushi gare shi. Ya gangara cinya yana dannawa, tana rufewa. Da ya zo ramin bayan gwiwa ya danna, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. A cikinta akwai wani abu toka-toka. Ya ce, "Malam, ka ga gudan jinin."

A daren aka fara yi mini allurar hana jini daskarewa a fatar ciki, daga baya aka mayar da ni kan ƙwaya, wata uku cur. Likitar ta ce maganin ba ya narkar da gudan, hana shi girma yake yi, jiki ne da kansa zai cinye shi sannu a hankali. Da na tambaye ta me ya haɗa wayar da ta lalace da bututun da ya toshe, sai ta ce kwanciyata ce ta haɗa su.

Bayanin da ta yi har yau ina juya shi. Kai jini ƙafa abu ne mai sauƙi, zuciya na turawa, gangara kuma na taimakawa. Babban bututun ya shigo ta matsematsi, ya bi cikin cinya, ya zagaya bayan gwiwa, ya rarrabu, reshe ɗaya ta gaban ƙwauri zuwa bayan ƙafa, wani ta bayan idon sawu zuwa tafi, wuraren nan biyu da likitan farko ya taɓa. Dawowar ce aiki, domin hawa ne, kuma ƙarfin turin zuciya ya riga ya ƙare a hanya. To sai Allah Ya sa manyan bututun dawowa suka ratsa ta tsakiyar tsokokin sha-raɓa. Tsoka biyu ce babba a nan, ta sama mai kai biyu wadda ake gani ta yi ƙulli in mutum ya yi ɗage, da wata mai faɗi a ƙarƙashinta da ake kira soliyas, dukkansu kuma a agara suke ƙarewa. Duk takun da mutum ya yi sai su matse bututun, jini ya yi sama. A cikin bututun kuma akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa sama kawai, in jini ya wuce sai su rufe kada ya koma. Shi ya sa ake ce wa sha-raɓa zuciya ta biyu. Ni kuwa na kashe wannan zuciya kwana 20, na kuma hana jinin ruwa.

Ta ambaci wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, wanda a shekarun 1850 ya nuna cewa gudan jinin da ake tararwa a huhun mamaci sau da yawa daga ƙafa ya taso. Har yau da sunansa ake kiran abubuwa uku da ke sa jini ya daskare a bututu: ya daina gudu, ko bangon bututun ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Hanyar kuwa a buɗe take, babu shinge. Daga bayan gwiwa zuwa cinya, daga cinya zuwa ƙugu, zuwa babban bututun da ke cikin ciki, zuwa ɓangaren dama na zuciya, sai huhu, inda hanyoyi ke tsukewa gudan ya maƙale. Wannan ne dalilin da ya sa ba a murza ƙafar da ake zargin tana da guda. Yayana na zaune yana ji. Can ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya ɓalla maɓallin. A mota ba wanda ya yi magana, sai da muka iso ƙofar gida ya juya baya ya ce da maiɗakina, "Allah Ya yi miki albarka." Iyakar abin da ya ce ke nan, har yau kuma ba mu sake tayar da zancen ba.

Na zaci za a ce in kwanta. Sai aka ce tunda magani ya shiga jiki, tafiya ce abokiyata. Na ɗauko takalmin roban daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe shi. Na fara zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako. Wadda ke kula da ni yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina na da ba, amma ba ta da wasa. Ta koya mini in sa tawul a tafin ƙafa in riƙa jawo shi, don kada agara ta gajarce ƙafar ta ƙage a sunkuye. Ƙarfin tsoka da maki take auna shi, daga 0 zuwa 5, ni da na saba ba wa wasu maki sai ga ni ina karɓar sifili mako bayan mako. Ita ce ta gaya mini, tana dariya, cewa tsokar da ta fi kowace tsawo a jiki, wadda ta ratso cinya a karkace daga ƙugu zuwa cikin gwiwa, sunanta daga kalmar tela ya samo asali a Latin, saboda ita ke taimaka wa mutum ya harɗe ƙafa irin zaman masu ɗinkin hannu. Na ce ashe da ɗan gari aka ci ni.

A mako na goma da fara ciwon, tana riƙe da ƙafata ta ce, "Malam, ɗago." Na yi yunƙurin da na saba, ba tare da sa rai ba. Ƙafar ba ta motsa ba. Amma ta ce, "Sake." Ta kama yatsana ta ɗora shi a gaban idon sawu, ta gefen ciki. Na sake yunƙurawa, sai na ji wata igiya ta ɗan miƙe a ƙarƙashin fata, ta koma. Ta ce, "Maki ɗaya." Na juya fuskata bango don kada ta ga idona.

Daga nan abin ya riƙa zuwa da kaɗan kaɗan. Ƙafar ta fara ɗagowa in ina kwance a gefe, sannan in ina zaune, sannan ta fara ture hannunta. Babban yatsa ne ya fi taurin kai, shi ya zo ƙarshe. A wata na biyar na ajiye takalmin roba. Hoton da aka sake ya nuna bututun bayan gwiwa ya buɗe, ko da yake ƙyamarensa sun ɗan taɓu, shi ya sa in na daɗe a tsaye ƙafar kan ɗan yi nauyi da yamma, sai in ɗora ta a kan matashi.

Shekara uku ke nan. Takardun jarrabawa har yanzu ina duba su, ƙafa biyu a ƙasa, agogo a gabana, duk minti 40 in miƙe in zagaya. Wani lokaci in aiki ya yi daɗi sai in ji ta dama ta fara hawa kan ta hagu da kanta, sai in ji gyaran murya daga ɗaki. Tsakanin babban yatsa da mai bi masa kuwa akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin farce ba, da har yau in na tsikare shi ba na ji sosai. Jiya ma da dare na gwada shi da bakin biro.